Addini a Filin Wasa: Muhawara a kan 'Yan Wasa Kiristoci Masu Bayyana Imaninsu

A daren 23 ga watan Mayu na shekarar 2007, a birnin Atina na ƙasar Girka, ƙungiyar AC Milan ta doke Liverpool da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai. Da alƙalin wasa ya hura usur ɗin tashi, sai ɗan wasan Milan, Kaká, mutumin Burazil, ya tuɓe rigarsa, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, ya ɗaga hannuwansa sama. A jikinsa akwai farar singileti mai ɗauke da kalmomi huɗu na Ingilishi, waɗanda ma'anarsu ita ce "Ni na Yesu ne." Miliyoyin mutane suka gani a talabijin. Wasu abin ya burge su, suka ce ga matashi mai kuɗi da suna wanda bai manta da Ubangijinsa ba. Wasu kuma suka ce ƙwallo suka zo kallo, ba wa'azi ba.

Wannan saɓani bai fara daga Kaká ba, bai kuma ƙare a kansa ba. Maƙalar nan za ta duba inda al'adar ta samo asali, da hujjojin masu sukarta, da kuma yadda hukumomin wasanni suka yi ƙoƙarin shata mata iyaka. Mai karatu ya lura cewa Kiristoci masu magana da Hausa "Yesu" ko "Yesu Almasihu" suke cewa, Musulmi kuma "Annabi Isa", alaihis salam. A nan an yi amfani da "Yesu" domin maganar 'yan wasan ake kawowa.

Tushen al'adar

Wanda ya ɗauka cewa addini baƙo ne a filin wasa bai san tarihin wasannin zamani ba. A ƙarni na 19 wata fahimta ta yaɗu a Ingila da Amurka, wadda take ganin cewa ƙarfin jiki da tarbiyyar ruhi tare suke tafiya, kuma wasa hanya ce ta raba samari da giya da caca da zaman banza. Saboda haka coci-coci suka riƙa kafa ƙungiyoyin ƙwallo. Aston Villa ta fito ne daga wata majami'ar Methodist a 1874, Everton daga majami'ar St Domingo a 1878, Southampton kuma daga cocin St Mary a 1885, shi ya sa har yau ake yi wa 'yan wasanta laƙabi da "Waliyyai". Ƙwallon kwando ma a makarantar ƙungiyar samari Kiristoci ta YMCA James Naismith ya ƙirƙiro shi a 1891.

Sai dai 'yan wasan wancan zamani ba a tsakiyar fili suke bayyana imaninsu ba. Fitaccen misali shi ne Eric Liddell, ɗan tseren Sikotilan. A gasar Olamfik ta Faris a 1924 ya ƙi shiga tseren mita 100, wanda shi ne ya fi ƙwarewa a kai, domin an sa zagayen farko ranar Lahadi. Ya koma tseren mita 400, ya kuwa ci zinariya. Daga baya ya tafi ƙasar Sin aikin mishan, ya rasu a sansanin tsare mutane na sojojin Jafan a 1945. Shaidar Liddell ta ƙauracewa ce: jama'a sun san imaninsa ne ta wurin rashin ganinsa a fili, kuma shi ne ya ɗauki asarar.

Talabijin ce ta sauya al'amarin. Da wasa ya zama abin da miliyoyi suke kallo a lokaci guda, sai ƙungiyoyin bishara suka fahimci cewa ɗan wasa yana da mumbarin da babu faston da yake da irinsa. A Amurka aka kafa Fellowship of Christian Athletes a 1954, da Athletes in Action a 1966. Wanda ya kafa ta farkon, Don McClanen, ya yi tunani ne cewa tun da ana amfani da 'yan wasa wajen tallar reza da taba, babu abin da zai hana a yi amfani da su wajen kiran mutane zuwa ga addini. A Burazil ma an kafa Atletas de Cristo a 1984. Ke nan abin da ake gani a fili ba koyaushe ne yake zama motsin zuciyar mutum ɗaya ba. Sau da yawa akwai tsari a bayansa, da limaman ƙungiya, da darussan Littafi Mai Tsarki na mako-mako. Wannan bai nuna cewa imanin na ƙarya ba ne, amma wajibi ne a san da shi kafin a shiga muhawarar.

Tim Tebow

Babu wanda aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa game da wannan batu kamar Tim Tebow, don haka ya dace a ɗan tsaya a kansa. Wasansa shi ne ƙwallon Amurka, wanda ake ɗauka a hannu a ruga da shi, ana auna ci gaba da yadi, shi kuma aikinsa jefa ƙwallo da jagorantar hari. An haife shi a ƙasar Filifin a 1987, inda iyayensa suke aikin mishan. 'Yan wannan wasa sukan manna baƙin ƙyalle a ƙarƙashin idanu don rage ƙyallin haske. Tebow, yana ɗalibi a Jami'ar Florida, sai ya riƙa rubuta lambar aya a kan nasa. Ranar 8 ga Janairun 2009, a wasan ƙarshe na gasar jami'o'i, ya rubuta Yahaya 3:16, ayar da Kiristoci da yawa suke ɗauka a matsayin taƙaitawar bishara gaba ɗaya. Mutane suka yi ta neman ayar a Google. A 2010 hukumar wasannin jami'o'i ta hana rubutu a kan ƙyallen, jama'a kuma suka raɗa wa dokar sunan Tebow.

Da ya zama ƙwararren ɗan wasa a ƙungiyar Denver Broncos, sai aka san shi da durƙuso a kan gwiwa ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya dafa goshi da hannu. Ba shi ya fara ba, domin Herb Lusk na Philadelphia Eagles ake dangantawa da fara durƙuson addu'a bayan cin maki tun 1977. Amma a kakar 2011 Denver ta yi ta cin wasanni a mintunan ƙarshe bayan an fid da rai, alhali masana wasan suna cewa Tebow bai iya jifa sosai ba. Durƙuson ya zama abin kwaikwayo a faɗin duniya, wasu don girmamawa, wasu don ba'a. Wani ɗan wasan Detroit ma da ya kayar da shi ƙasa, sai ya durƙusa a gefensa yana kwaikwayonsa. Ranar 8 ga Janairun 2012, shekara uku cif bayan rubuta waccan aya, Denver ta fitar da Pittsburgh daga gasa, jimillar jifan Tebow kuma ta kama yadi 316 daidai. Masu neman alama suka ce ga ta nan. Mako guda bayan haka New England ta lallasa Denver da 45 da 10, kafin kakar gaba kuma ƙungiyar ta rabu da shi.

A cikin wannan hayaniya an yi wata musayar magana da ta tattara muhawarar. Jake Plummer, wanda ya taɓa riƙe matsayin Tebow a Denver, ya ce yana yaba wasansa, amma zai fi son sa idan ya daina ambaton Yesu a duk lokacin da aka miƙa masa makirfo, tun da kowa ya riga ya ji. Tebow ya amsa da cewa mai aure ba ranar ɗaurin aure kaɗai yake gaya wa matarsa yana son ta ba, kullum yake faɗa. Amsar tana da daɗin ji, amma ba ta warware ƙorafin ba, domin mai aure a cikin gida yake gaya wa matarsa, ba a kasuwa ba. A kan wannan gaɓa ce suka ta farko take tsayawa.

Tsakanin shaida da riya

Abin mamaki, suka mafi nauyi daga cikin Kiristoci take fitowa, ba daga marasa addini ba. A babi na 6 na Bisharar Matiyu, Yesu ya gargaɗi almajiransa kada su zama kamar munafukai masu son tsayawa addu'a a inda mutane za su gan su, ya umarce su da su shiga ɗaki su rufe ƙofa. Masu suka suna tambaya: wace kusurwar titi ce ta kai filin da kyamara talatin suke haskawa? Masu kare 'yan wasan kuma suna kawo babi na 5 na wannan littafi, inda aka kwatanta mai bi da fitilar da ba a kunnawa don a kife ta, da babi na 10, inda aka yi alkawari ga wanda ya amsa sunan Yesu a gaban mutane. Kowane ɓangare yana da nassinsa.

Hausa tana da kalmomi biyu da suka dace da wannan wuri. Kiristoci Hausawa suna cewa "ba da shaida", wato mutum ya bayyana abin da Allah ya yi masa domin wasu su amfana. Musulmi kuma suna da "riya", wadda aka aro daga Larabci, wato yin ibada don mutane su gani. Aiki ɗaya yana iya zama shaida, yana kuma iya zama riya, abin da ya raba su niyya ce. Niyya kuwa ba ta fitowa a hoto. Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a ganina wannan karin magana ba ya aiki a nan. Kaká, alal misali, ya karye a ƙashin baya yana ɗan shekara 18, sakamakon haɗari a wurin ninƙaya, har aka ji tsoron zai shanye, ya kuma warke sarai. Ya sha faɗa cewa Allah ne ya tashe shi. Wanda yake zaune a gaban talabijin ba shi da hanyar da zai san ko durƙuson irin wannan mutum godiya ce ko neman suna. Abin da kawai za a iya cewa shi ne, wannan hukunci ba na alƙalin wasa ba ne, ba kuma na hukumar ƙwallo ba.

Akwai wata suka da take kusa da wannan, ita ce cewa godiyar mai nasara tana nuna kamar Allah yana da ƙungiya. Tun 1976 marubucin wasanni Frank Deford ya yi wannan ƙorafi a mujallar Sports Illustrated, yana cewa an haɗa wasa da Kiristanci an samar da wani sabon addini da yake bauta wa nasara, wanda ba ya cewa uffan game da cuta da mugunta da wariyar da suke cikin wasanni. Wani abu da ya faru a 2015 ya fito da matsalar fili. A watan Janairu, ƙungiyar Seattle tana baya da 16 da nema a hannun Green Bay, mai jefa mata ƙwallo, Russell Wilson, ya jefa wa abokan hamayya ƙwallo har sau huɗu a wasan, amma duk da haka suka farfaɗo suka ci 28 da 22. Wilson, yana kuka, ya ce Allah ne ya tsara abin haka. Takwaransa na Green Bay, Aaron Rodgers, ya ce shi bai ga alamar Allah ya damu da sakamakon wasa ba, mutanen da suke wasan ne Ya damu da su. Mako biyu bayan nan, a wasan ƙarshe, saura yadi ɗaya Seattle ta ci kofi, Wilson ya sake jefa ƙwallo a hannun abokin hamayya, suka sha kashi da 28 da 24. Da ƙungiyoyin biyu suka sake haɗuwa a watan Satumba Green Bay ta yi nasara, sai Rodgers ya ce cikin zolaya da alama Allah ɗan Green Bay ne a daren nan.

Adalci ne a faɗa cewa yawancin 'yan wasa masu addini ba su yarda da wannan fassara ba. Sukan ce ba nasara suke roƙo ba, lafiya suke roƙo da ikon yin iya ƙoƙarinsu. A Amurka, bayan an tashi wasa, 'yan ƙungiyoyin biyu sukan haɗu a tsakiyar fili su durƙusa tare, wanda ya ci da wanda aka ci, sai dai ba kasafai kyamara take nuna wannan ba. Mai nasara ake miƙa wa makirfo, don haka godiyarsa ce kaɗai take isa kunnen jama'a.

Inda doka ta ja layi

Hukumomin wasanni ba su shiga batun niyya ba. Abin da suka yi shi ne raba abin da jiki yake yi da abin da aka rubuta. A ƙwallon ƙafa, Doka ta 4 ta hana kayan ɗan wasa ɗaukar saƙo ko hoto na siyasa, ko na addini, ko na ƙashin kai. An shigar da wannan a 2007, aka ƙara tsaurara shi a 2014 har ya haɗa da rigar ciki. Amma babu dokar da ta hana ɗan wasa yin alamar gicciye yayin shiga fili, ko nuna sama da yatsa, ko durƙusawa, ko yin sujada.

Abin da ya faru a Afirka ta Kudu a 2009 yana cikin abubuwan da suka zafafa batun. A wasan ƙarshe na Kofin Nahiyoyi, Amurka ta fara cin Burazil 2 da nema, Burazil ta rama ta ci 3 da 2. 'Yan wasan da masu horar da su suka yi da'ira a tsakiyar fili, suka durƙusa suna addu'a, wasu sanye da riguna masu ambaton Yesu. Babban sakataren hukumar ƙwallon Danmak, Jim Stjerne Hansen, ya fito ya ce addini ba shi da gurbi a ƙwallo, FIFA kuma ta ja kunnen hukumar ƙwallon Burazil. A wannan gasa dai akwai ƙungiyar Masar, wadda ta doke Italiya da ci 1 da nema, wadda kuma a lokacin ake yi wa laƙabi da "masu sujada" saboda yadda 'yan wasanta suke faɗuwa sujada tare idan sun ci ƙwallo. Da an bi shawarar Hansen, da su ma ta shafe su, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A aikace hukuncin rubutu ba shi da tsanani. Neymar ya ɗaura ƙyalle a goshi mai cewa "100% Yesu" bayan Barcelona ta ci Kofin Zakarun Turai a 2015, ya sake ɗaurawa da Burazil ta ci zinariyar Olamfik a 2016. A watan Afrilun 2025, ranar da Liverpool ta tabbatar da cin gasar Firimiya, Cody Gakpo ya ɗaga rigarsa ya nuna kalmomin nan huɗu na Kaká, hukumar ƙwallon Ingila kuma tunatarwa kawai ta yi masa. Wasu wasannin sun fi tsanani. Bayan Olamfik ta Faris a 2024, hukumar judo ta duniya ta dakatar da Nemanja Majdov na Sabiya na wata biyar. Shi ya ce don ya yi alamar gicciye ne kafin karawa. Hukumar ta ce wannan yana cikin laifuffukan, amma akwai ƙin rusuna wa abokin karawa da tuɓe riga a fili, kuma an riga an gargaɗe shi a baya.

Mai karatu zai iya tambaya: mene ne bambancin durƙuso da rubutu, tun da duka biyun saƙo ne? Tambaya ce mai ƙarfi, layin kuwa ba cikakke ba ne. Amma yana da hujja. Mai durƙuso da Ubangijinsa yake magana, 'yan kallo sun gani ne kawai. Mai rubutu kuwa da 'yan kallo yake magana. Bugu da ƙari, rigar ba tasa ba ce shi kaɗai, ta ƙungiya ce da take da magoya baya Kiristoci da Musulmi da Yahudawa da marasa addini. Raunin hujjar shi ne, wannan riga da aka ce ta fi ƙarfin ɗaukar sunan Yesu ta sha ɗaukar sunan kamfanin caca ko na giya da manyan baƙaƙe a ƙirji. Frédéric Kanouté, Musulmi ɗan ƙasar Mali, ya taɓa rufe tambarin wani kamfanin caca a rigarsa ta Sevilla a 2006 saboda wannan dalili.

Har ila yau, alama ɗaya tana sauya ma'ana gwargwadon wurin da aka yi ta. A birnin Glasgow, Celtic tana da tushe a cikin 'yan Katolika masu asali da Ailan, Rangers kuma a cikin 'yan Furotesta, gabarsu ta wuce ƙwallo. A 2006 mai tsaron gidan Celtic, Artur Boruc, ɗan Katolika daga Folan, ya yi alamar gicciye a gaban magoya bayan Rangers a filinsu, masu gabatar da ƙara suka yi masa gargaɗi. Cocin Katolika ta nuna rashin jin daɗi, hukuma kuma ta fito ta ce ba don gicciyen ba ne, don wasu alamu ne na tsokana da ya haɗa da su. Abin da ba wanda zai kula da shi a Milan ya zama maganar 'yan sanda a Glasgow.

Ma'auni ɗaya ga kowa

Kiristoci da yawa a Turai da Amurka suna ƙorafin cewa su kaɗai ake yi wa ba'a, da Musulmi ne ya durƙusa kamar Tebow da ba wanda zai kwaikwaye shi. Musulmi kuma suna ganin akasin haka. Ranar 29 ga Satumban 2014, Husain Abdullah na Kansas City Chiefs, wanda ya ajiye wasa a kakar 2012 don ya je aikin Hajji, ya ci maki ya yi sujada, sai alƙalai suka ci ƙungiyarsa tarar yadi 15. Washegari hukumar NFL ta ce kuskure ne, domin dokar hana murna a ƙasa ba ta shafi mai ibada ba. A Faransa kuma, kotun ƙoli ta harkokin mulki ta tabbatar a watan Yunin 2023 da ikon hukumar ƙwallon ƙasar na hana sa hijabi a wasanninta, duk da cewa dokar ƙwallo ta duniya ta halatta rufe kai tun 2014. Masu suka suka ce ana yin alamar gicciye a filayen Faransa kowane mako ba tare da an tanka ba.

Bayyana addini a fili yana iya haifar da alheri da ba a zata ba. Wani bincike na masana daga Jami'ar Stanford da abokan aikinsu, wanda aka buga a 2021, ya gano cewa bayan zuwan Mohamed Salah Liverpool a 2017, laifuffukan ƙiyayya a yankin sun ragu da kimanin kashi 16 cikin 100 idan aka kwatanta da abin da ake tsammani, kalaman ƙin Musulmi a saƙonnin magoya bayan ƙungiyar kuma suka ragu da kusan rabi. Da Salah ya ɓoye sujadarsa, da wuya a sami wannan sakamako. Wanda ya yi murna da sujadar Salah kuwa ba shi da bakin ƙorafi a kan gwiwar Tebow.

Inda ake samun rikici na gaske shi ne idan saƙon ya tashi daga "ga abin da na gaskata" ya koma "ga hukuncinku". A watan Afrilun 2019, Israel Folau, tauraron ƙwallon zari-ruga na Ostareliya, ya wallafa a Instagram cewa wuta tana jiran mashaya da mazinata da maƙaryata da masu neman jinsi ɗaya da wasunsu idan ba su tuba ba. Hukumar wasan ta soke kwantiraginsa a watan Mayu, shi kuma ya kai ƙara cewa an kore shi saboda addininsa, aka sasanta a watan Disamba ba tare da an bayyana sharuɗɗan ba. Kotu ba ta yanke hukunci ba ke nan, tambayar tana nan: ina iyakar ikon mai biyan albashi a kan bakin ma'aikacinsa bayan ya bar fili? A ƙarshen 2024 an ga wani salon a Ingila, lokacin da aka raba wa kyaftin-kyaftin kambu mai launin bakan gizo don nuna goyon baya ga masu neman jinsi ɗaya. Sam Morsy na Ipswich, Musulmi ɗan wasan Masar, ya ƙi ɗaurawa, ba a kuma yi masa komai ba domin ɗaurawar ba dole ba ce. Marc Guéhi, kyaftin ɗin Crystal Palace a lokacin, haifaffen Abijan kuma ɗan fasto, ya ɗaura amma ya rubuta "Ina son Yesu" a kai. Aka tunatar da shi Doka ta 4, a wasa na gaba ya rubuta "Yesu yana son ka." Ba a hukunta shi ba, amma mutane da yawa sun tambaya yadda aka yi wanda ya ƙi gaba ɗaya ya tsira, wanda ya ɗaura ya ƙara kalma uku kuma aka ja masa kunne, da kuma ko shi kansa kambun ba saƙo ba ne.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba, wato abokan wasa. Babban ɗan wasa mai miliyoyi yana iya ƙin shiga da'irar addu'a, amma yaron da yake neman gurbi, wanda kyaftin ko koci ne ya kira addu'ar, zai yi tunani sau biyu. Wannan ne ya sa shari'ar Joseph Kennedy, kocin wata makarantar sakandaren gwamnati a jihar Washington mai durƙusawa addu'a a tsakiyar fili bayan wasa, ta kai har Kotun Ƙolin Amurka. A watan Yunin 2022 alƙalai 6 suka ba shi gaskiya, 3 suka saɓa, suna cewa ɗalibai za su ji kamar dole ne su bi shi.

Nauyin da yake kan ɗan wasan

Ɗan wasan da aka mayar da shi tutar addini yana ɗaukar kayan da ba lalle ne ya iya kai su ba. Reggie White, wanda ake yi wa kallon ɗaya daga cikin manyan 'yan bayan ƙwallon Amurka, fasto ne tun yana matashi, ya kuma yi shekaru yana wa'azi daga coci zuwa coci. Bayan ya yi ritaya ya daina, ya koma koyon Ibrananci don ya karanta nassi da kansa. Gab da rasuwarsa a 2004, yana da shekara 43, ya ce yawancin masu gayyatarsa sunansa suke so don ya cika musu kujeru, ba iliminsa ba.

Jonathan Edwards na Birtaniya, gwanin tsalle mai taku uku, shi ma ɗan fasto ne. Kamar Liddell, ya ƙi yin gasa ranar Lahadi, har gasar duniya ta 1991 ta wuce shi. A 1993 ya sauya ra'ayi, ya ce baiwarsa ita ce hanyar da zai ɗaukaka Allah. A 1995, a birnin Gothenburg, ya yi tsallen mita 18.29, tarihin da ya kai shekara 30 ba a karya ba. Ranar da ya ci zinariya a Olamfik ta Sydney a 2000, ya shiga fili da gwangwanin kifi a cikin jakarsa, don tunawa da labarin Linjila na ciyar da mutum 5,000 da gurasa biyar da kifi biyu. Bayan ya bar wasa, BBC ta ba shi gabatar da shirinta na waƙoƙin coci na ranar Lahadi. A 2007, shekarar da Kaká ya durƙusa a Atina, Edwards ya ajiye shirin, ya sanar da cewa ya daina yin imani da Allah.